Gobarar Kuɗi: Darasi Daga Rikicin Asiya na 1997

Duk wanda ya taɓa ganin gobara a kasuwa ya san ba ta tsayawa a rumfar da ta soma. Haka rikicin kuɗi yake tsakanin ƙasashe. A wannan darasi za mu duba abin da ya faru a gabashin Asiya a 1997, mu ga yadda wutar ta tashi a ƙasa guda, ta bi maƙwabta, har hayaƙinta ya iske mu nan Nijeriya.

Inda Wutar Ta Tashi

A farkon shekarun 1990 ƙasar Tailan tana cikin yalwa. Gwamnati ta ɗaure darajar kuɗinta, wato bat, a kan wajen bat 25 dala ɗaya. Ganin haka, bankuna da kamfanonin ƙasar suka yi ta cin bashin dala daga waje, domin kuɗin ruwansa ya fi sauƙi. Yawancin bashin na gajeren lokaci ne, amma aka zuba shi cikin filaye da gine-gine, waɗanda ba sa mai da kuɗi da wuri. A birnin Bankok har an gina benaye da suka rasa masu haya.

Da masu jari suka soma shakka, sai suka shiga sayar da bat suna sayen dala. Babban bankin ƙasar ya yi ta fid da dalolin ajiyarsa don ya kare bat, har ajiyar ta kusa ƙarewa. Ran 2 ga Yuli, 1997, gwamnati ta sakar wa kasuwa bat. Kafin ƙarshen Janairu 1998, sai da bat fiye da 50 ake samun dala ɗaya.

Bari mu yi lissafi. Kamfanin da ya ci bashin dala miliyan 1, da bat miliyan 25 zai biya. Bayan faɗuwar, sai ya nemo miliyan 50, alhali cinikinsa da bat yake yi. Dole ya sa kadarorinsa a kasuwa. To, idan kowa mai sayarwa ne, farashi zai faɗi. Gidan da banki ya riƙe jingina ya rage daraja, bankin ma ya shiga uku.

Yadda Ta Bazu

Hanya ta farko ita ce tsoro. An ce kama da wane ba ta wane, amma mai tsoro ba ya tsayawa tantancewa. Masu jari suka kwashe kuɗinsu daga Indonesiya da Malesiya da Filifin da Koriya ta Kudu. Ta biyu, bankunan Japan da Turai da suka ba Tailan bashi, su ne suka ba maƙwabtanta. Da suka yi hasara a wuri ɗaya, sai suka ƙi sabunta bashi a sauran. Ta uku ita ce ciniki: wanda ya talauce ba ya sayen kayan maƙwabcinsa.

Indonesiya ta fi jin jiki. Dala ɗaya ta tashi daga rufiya wajen 2,400 zuwa fiye da 15,000, tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kashi 13 cikin 100 a 1998. Abinci ya yi tsada, tarzoma ta ɓarke, Shugaba Suharto ya sauka ran 21 ga Mayu, 1998, bayan fiye da shekara 30 a kan mulki. Koriya ta Kudu ta nemi agajin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, har jama'arta suka riƙa kai zinariyarsu banki don a biya bashin ƙasa. Malesiya kuwa ta ƙi zuwa IMF, ta kafa dokar hana fitar da kuɗi barkatai a Satumba 1998.

Ina Ruwanmu?

Da masana'antun Asiya suka rage aiki, sai buƙatar man fetur ta ragu. A ƙarshen 1998 gangar ɗanyen mai ta faɗo zuwa wajen dala 10. Rasha, wadda ta dogara ga mai, ta kasa biyan bashinta a Agusta na shekarar. Mu ma a Nijeriya, da yake mai ne ke kawo mana mafi yawan kuɗin waje, kuɗin shigar gwamnati ya ragu ƙwarai, ko da yake ba mu ci bashin kowa a Bankok ba.

Abin Koyo

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haɗarin shi ne mutum ya ci bashi da kuɗin da ba da shi yake ciniki ba, ko ya ɗauki bashin wata 6 ya yi ginin shekara 10. Bayan rikicin, ƙasashen Asiya sun dage wajen tara ajiyar kuɗin waje. Ɗalibai, wasu cikinku za su riƙe asusun banki ko na gwamnati wata rana. In kun ga gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa faɗuwar bat ta ninka bashin kamfanonin Tailan?
2. Kawo hanyoyi 3 da rikicin ya bi ya bazu.
3. Ta yaya rikicin ya shafi Nijeriya?