Kutse da izini: sana'ar da mai waya zai iya soma koya a nan Damazin

Wannan darasi na iyaye ne da matasa tare, musamman gidan da ke da yaro ko yarinyar da kowa ke kai wa waya idan ta rikice. Kusan kowane layi a sansanin nan yana da irin wannan yaro. Shi ke buɗe wa tsoho Bankak idan ya manta lambar sirri, shi ke maido da WhatsApp idan an sauya shariha. Iyaye da yawa gani suke shiririta yake yi. To akwai sana'a a bayan abin da yake taɓawa, sunanta tsaron bayanai, kuma wani reshe nata shi ne kutse da izini.

Kutse shi ne shiga waya ko kwamfuta ko asusun wani ta wata kafa da mai shi bai san da ita ba. Ɓarawo yana yin haka don ya ɗauka. Amma bankuna da kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji sukan ɗauki mutum aiki, su rubuta masa takarda, su ce masa ya gwada ƙofofinsu, in ya sami wadda ba ta kulluwa ya faɗa musu kafin ɓarawo ya gano ta. Takardar tana faɗin abin da zai taɓa, da abin da ba zai taɓa ba, da ranar farawa da ranar gamawa. Idan ya gama sai ya rubuta rahoto: ga kafar, ga yadda aka shiga, ga yadda za a toshe. Ilimin ɗaya ne da na ɓarawon, kayan aikin ma ɗaya ne. Takardar nan ce ta raba su, kuma ita alƙali zai fara tambaya.

Me ya haɗa ɗan gudun hijira da wannan?

Sunayenmu suna cikin kwamfutoci. Wanda ya baro Rusairis ko Wad al-Mahi a rikicin 2022, da wanda ya baro Madani a Disamba 2023, da wanda ya baro Sinja a tsakiyar 2024, kowa ya zauna gaban mai rajista ya faɗi sunansa, da na 'ya'yansa, da garin da ya fito. Wasu sun faɗi abin da ko maƙwabci ba su faɗa wa ba.

Ga abin da ya taɓa faruwa da irin waɗannan bayanai. A Janairu 2022 kwamitin Red Cross na duniya, mai hedikwata a Janiba, ya sanar cewa an yi kutse cikin kwamfutocin da ke ɗauke da bayanan mutum fiye da 515,000. Mutanen su ne waɗanda yaƙi ko hijira ko bala'i ya raba da danginsu, da waɗanda suka ɓata, da waɗanda ke tsare. Bayanan sun fito daga aƙalla ƙungiyoyi 60 na Red Cross da Hilal Ahmar na ƙasashe daban-daban. Masu kutsen sun shiga tun ranar 9 ga Nuwamba 2021, ba a gano su ba sai bayan kwana 70. Ta ina suka shiga? Ta wata kafa a wata manhaja wadda masu ita sun riga sun fitar da gyaranta, amma ba a ɗora gyaran a kan lokaci ba. Dole aka rufe tsarin haɗa iyalai na wani lokaci, alhali kwamitin ya ce a kullum yana taimakawa a haɗa kimanin mutum 12 da danginsu. Wani kamfanin tsaron bayanai da aka ɗauka aiki ne ya hango alamar da ta tona asirin.

Irin wannan kafa ce mai kutse da izini yake nema. Aikinsa a nan ba wani abin al'ajabi ba ne: ya duba, ya ga manhajar ta tsufa, ya rubuta cewa a gyara ta yau.

Makaranta ta farko tana cikin gida

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 takardar kuɗi ta yi wuya, sai Bankak ta zama aljihun mutane. A Fabrairu 2024, da shabakar Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, kowa ya ga yadda sayen gero kansa ya rataya a kan waya. Inda kuɗi suka koma, can ɓarayi suka bi su.

Yawancin satar da ake kawo ƙararta teburin kariya ba manhajar aka fasa ba, mutum aka yaudara. Wani ya nuna wa mai shago ish'arin tura kuɗi na jabu, hoto ne kawai da aka gyara, ya kwashi kaya ya tafi. Maganinsa mai shago ya buɗe nasa asusun ya ga kuɗin da idonsa. Wani ya bugo waya ya ce daga munazzama yake, za a turo tallafi, a karanta masa lambobin da suka shigo ta saƙo. Lambobin nan mabuɗi ne na lokaci ɗaya, duk wanda ya ji su ya shiga asusunka ko ya ƙwace WhatsApp ɗinka, sannan ya bi danginka yana roƙon kuɗi da sunanka. Akwai kuma mahaɗin da ake yaɗawa a guruf, wai a danna a yi rajistar kuɗin agaji, sai ya buɗe shafin da ke neman hoton kati da lambar sirri. Rajista da duk wani taimako na hukumar kyauta ne, kuma babu ma'aikacin da zai nemi lambar sirrinka.

Matashin da ke son wannan sana'a, nan zai fara. Ka zauna da wayar Baba da ta Inna, ka kunna musu tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ka cire lambar sirrin da take shekarar haihuwa ko 1234, ka sabunta manhajojin idan an sami shabaka, ka koya musu fita daga asusu idan sun shiga da wayar wani. Amma ka tambaye su tukuna, ko da iyayenka ne. A ganina wanda bai saba neman izini a gida ba, ba zai nema a wajen aiki ba.

Doka da shingen hanya

Sudan tana da dokar laifukan intanet tun 2007, aka yi sabuwa a 2018, aka ƙara tsananta hukuncinta a 2020. Shiga asusun wani ba da yardarsa ba laifi ne, ko ba ka ɗauki ko jine ɗaya ba. Buɗe Facebook ɗin ƙanwarka don ka ga da wa take magana kutse ne. Haka fasa intanet ɗin maƙwabci. Kuma idan wani ya ce ka ba shi aron asusunka a turo kuɗi ka cire masa, ka ɗauki kasonka, to sunanka ne zai fito idan an bi sawu, ba nasa ba.

Akwai kuma abin da darussan ƙasashen waje ba sa faɗa, domin ba su san shi ba. Lokacin yaƙi ne, ana duba wayoyi a shingaye. Mai dubawa ba zai tsaya bambance ɗalibi da ɗan leƙen asiri ba. Kada ka tara manhajoji masu hoton ƙoƙon kai da sunayen ban tsoro, wasunsu ma tarko ne da ke satar bayanan wanda ya sauke su.

Hanyar koyo

Turanci ne kan gaba, domin yawancin darussan da shi aka rubuta su. Wanda ya iya Hausa da Larabci ya riga ya san wahalar ɗaukar harshe, na uku ba zai gagare shi ba. Bayan haka sai sanin yadda kwamfutoci ke magana da juna, sai tsarin Linux, sai ɗan rubutun manhaja da Python. Makarantar Cisco ta intanet tana da darasin gabatarwa kan tsaron bayanai kyauta. Manhajar Termux tana ba ka damar gwada umarnin Linux a wayar Android. Don gwaji akwai wuraren da aka gina musamman domin a fasa su da izini: wasan Bandit na OverTheWire, da picoCTF na jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, da darussan PortSwigger, duka kyauta. A can kaɗai za ka yi gwaji.

Wuta da shabaka su ne matsala, duk da madatsar Rusairis tana nan kusa da mu. Ka sauke darasi idan shabaka ta zo, ka kwafe umarnin a littafi, ka yi bitarsu da dare. Mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗin data su yi karatu tare, kuma a sa 'yan mata a ciki, domin aikin nan haƙuri da lura yake so.

Za ku ji labarin Santiago Lopez, ɗan Ajantina da ya koya wa kansa ta intanet, wanda a 2019, yana da shekara 19, ya zama na farko da ya tara dala miliyan 1 a dandalin HackerOne, inda kamfanoni ke biyan wanda ya gano musu kafa. Labarin gaskiya ne, amma irinsa ba su da yawa. Da yawa daga masu sana'ar sun fara ne da shigar da bayanai, ko gyaran kwamfutocin ofis, ko jan wayoyin shabaka. Takardun shaida irin su Security+ da CEH suna cin ɗaruruwan daloli, kada a sayar da akuya saboda su tun yaro bai iya komai ba. Shahadar sakandare ta fi su muhimmanci a yanzu, domin ita ke buɗe ƙofar Jami'ar Nil al-Azrak da ke nan Damazin, ko Jami'ar Jazira mai tsangayar lissafi da kwamfuta.

Wata rana kana iya cin karo da kafa ba da niyya ba: ka danna wani mahaɗi ka ga jerin sunayen mutane da lambobinsu, ko ka ga an saka takardar rabon kaya mai sunayen iyalai a guruf. Ka tsaya nan. Kada ka ci gaba da buɗewa, kada ka ɗauki hoto, kada ka tura wa kowa. Ka rubuta rana da lokaci da inda ka gani, ka kawo teburin kariya. Idan Larabcinka bai kai ba, ka nemi tafinta.