Ɗingishin Dokin da ba a yi wa Takalmi: Nazarin Magungunan Kumburin Ƙafa na Itatuwa a Ƙasar Jangebe

Tsakure

Galibin dawakin ƙasar Hausa ba a yi musu takalmin ƙarfe, saboda haka lafiyar kofato ita ce jarin mai doki. Wannan maƙala ta dubi magungunan itatuwa da Bahaushe ke amfani da su domin kwantar da kumburi da zafin ƙafar doki, ta kuma ɗauki Jangebe da maƙwabtanta na Talatar Mafara da Bakura da Maradun a matsayin farfajiyar nazari. An auna abin da al'ada ta tanada da bayanan ilimin likitancin dabbobi. Maƙalar ta nuna cewa kalmar ɗingishi inuwa ce da ta tattara larurori huɗu mabambanta, kuma maganin da ya dace da ɗaya yana iya cutar da doki idan wata ce ke damun sa. Don haka darajar sassaƙe da jiƙo ta dogara ne a kan gane cuta kafin a ba da su.

Fitilun Kalmomi: doki, kofato, ɗingishi, kumburi, hano, bagaruwa, Jangebe

1.0 Gabatarwa

Doki dabbar sarauta ce da yaƙi da fatauci a tarihin Bahaushe, har fada ta keɓe masa sarautar Shamaki, wanda ke kula da barga. Robin Law, a littafinsa na 1980 kan tarihin doki a Afirka ta Yamma, ya nuna irin tsadar riƙon doki a wannan yanki da yadda cututtuka suke gajarta rayuwarsa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya taskace kalmomi masu yawa da suka shafi launin doki da kayan hawansa da cututtukansa. A ɓangaren itatuwa kuwa, J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya fitar da kundin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sannan ya biyo da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Waɗannan ayyuka su ne madogarar wannan maƙala ta fuskar sunaye da tarihi. Manufarta ita ce ta fayyace wane magani ne ya dace da wace larura, da kuma inda ikon itatuwa ya tsaya.

1.1 Farfajiyar Nazari

Jangebe gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Talatar Mafara ta Jihar Zamfara, jihar da aka ƙirƙiro a 1996. Yankin yana da masarautu uku masu hawan salla, wato Mafara da Bakura da Maradun, kuma a nan ne makaɗin fada Musa Ɗanƙwairo ya tashi. Yana da tsohon tarihin rubutu kan magani, domin Malam Muhammadu Tukur, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya zauna a Matuzgi kusa da Mafara, ya yi wallafa da Larabci a wannan fanni.

Yanayin ƙasar ma yana da ruwa da tsaki a cikin batun. Tun da aka kammala dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, noman rani ya sa wasu filaye na waɗannan ƙananan hukumomi uku suna jiƙe har cikin bazara, alhali tudu ya bushe ƙayau. Dokin da ya kwana a laima ya wuni a kan tsakuwa ko kwalta, kofatonsa kan yi laushi ya sake bushewa, daga nan sai tsagewa da zaizayewa.

2.0 Ginin Kofato

Kofato yana da bango mai tauri a waje, da tafi a ƙasa, da wata tsoka mai danƙo mai siffar bakin kibiya a tsakiyar tafin, wadda ke rage ƙarfin taku. A ciki akwai ƙashin ƙarshe na ƙafa, wanda wasu siraran yadudduka masu jini da jijiyoyi suka manne shi da bangon. Bangon yana girma kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma yakan ɗauki wata 9 zuwa 12 kafin ya sabunta daga sama har ƙasa. Ƙafafun gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, shi ya sa ɗingishi ya fi bayyana a gare su. Dokin da ba shi da takalmi yana zaune ne a kan daidaito tsakanin girman kofato da cinyewarsa. Rairayin ƙasar Hausa ya daɗe yana riƙe da wannan daidaito, titin kwalta kuwa ya zo ya karkatar da shi.

3.0 Larurori Huɗu a Ƙarƙashin Suna Ɗaya

Ta farko ita ce ƙujewar tafi, wadda ke faruwa idan doki ya taka dutse mai kaifi ko ya yi doguwar tafiya a kan marmara. Jini kan taru a ƙarƙashin tafin, doki ya riƙa taka-tsantsan a ƙasa mai tauri, ya saki jiki a kan rairayi.

Ta biyu ita ce ƙurjin cikin kofato. Ƙayar aduwa ko ƙusa ko tsagewar bango kan buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, mugunya ta taru a wurin da ba ta da mafita. Doki kan wayi gari ya ɗage ƙafa ɗaya, ya ƙi taka ta sam.

Ta uku ita ce ruɓewar tsokar tsakiya, larurar damina da ta barga mai kashi da fitsari. Alamarta baƙin ruwa mai wari a lungunan tafin.

Ta huɗu, wadda ta fi su haɗari, ita ce kumburin yaduddukan nan na ciki, abin da likitocin dabbobi ke kira laminaitis. Ɗaya daga cikin manyan dalilanta shi ne cin hatsi fiye da kima. Idan dawa ko gero ko masara ta yi wa ƙaramin hanji yawa, sai ragowar ta wuce babban hanji ta yi tsami, ƙwayoyin halitta masu amfani su mutu, guba ta shiga jini ta sauka a ƙafa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu kofato zai ɗauki zafi, jijiyar da ke bayan idon sawu ta riƙa bugawa da ƙarfi, doki ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya. Idan abin ya yi tsanani, ƙashin ciki kan rabu da bango ya sunkuya. Al'adar ɗura wa doki hatsi gab da salla domin ya yi ƙiba da sheƙi a ranar hawa tana iya kai shi ga wannan hali. Bahaushe dai ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

4.0 Magungunan da Al'ada ta Tanada

4.1 Na Waje

Bagaruwa, wadda wasu ke kira gabaruwa, ita ce kan gaba. 'Ya'yanta suna ɗauke da sinadarin tanin mai yawa, wanda da shi majema ke jeme fata. Wannan sinadari yana tsotse danshi ya ɗaure nama, don haka wanke tafin kofato da ruwan dafaffiyar bagaruwa ya dace da ruɓewar tsokar tsakiya, muddin an share barga an zuba busasshen rairayi. Lalle ma yana busar da wuri, kuma Bahaushe yana kallon sa a matsayin mai sanyaya zafin tafin ƙafa.

Man kaɗanya, ko man kaɗe a bakin mutanen yamma, ana shafa shi a bangon kofato da kewayensa a lokacin hunturu domin rage tsagewa. Yana da sinadarai masu kwantar da kumburin fata. Sai dai bai dace a cusa shi a kan ƙurji ko ruɓa ba, domin zai toshe wurin da ke buƙatar iska da mafita.

Gashi da ruwan ɗumi, ko da ganyen tumfafiya da aka ɗumama, sananniyar hanya ce ta sauke kumburi. A nan ne bambance cuta ya fi muhimmanci. Ɗumi yana tausasa kofato ya taimaki ƙurji ya fashe. Ga laminaitis kuwa, abin da likitanci ya tabbatar shi ne sanyi, wato a tsayar da ƙafafun cikin ruwa mai sanyi ƙwarai tun da wuri. Mai gasa ƙafar dokin da hatsi ya kama ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Haka nan nonon tumfafiya guba ne mai taɓa zuciya da ido, bai kamata ya kai bakin dabba ba.

4.2 Na Ciki

Hano, wanda ake kira ararraɓi a wasu wurare, itace ne mai fatar jiki kamar takarda da ke son tsauni da ƙasa mai duwatsu. Masana tsirrai sun sa masa suna Boswellia dalzielii domin tunawa da Dalziel. Bahaushe yana dafa sassaƙensa domin ciwon gaɓoɓi da wankin miki, yana kuma turare da ƙaronsa. Sassaƙen maɗaci da na marke su ma suna cikin jiƙon da masu dabbobi suka saba da shi, musamman domin tsutsar ciki da gyaran jiki. Kanwa kuwa, ko da yake ma'adini ce ba itace ba, ta daɗe tana shiga dusar doki.

Amfanin waɗannan jiƙe-jiƙe ga ƙafa shi ne rage raɗaɗi da taimaka wa jiki. Ba sa zare ƙaya, ba sa fitar da mugunya, ba sa mayar da ƙashin da ya sunkuya. Ƙari a kan haka, awon jiƙo na ido ne, kuma ƙarfin sassaƙe yana bambanta gwargwadon shekarun itacen da lokacin da aka sasso shi.

5.0 Kwatanci da Kasuwar Turai da Amurka

Abin da Bahaushe ya gada kaka da kakanni, wato barin doki ba takalmi, ya zama sabon yayi a Turai da Amurka tun daga wajejen 1990, ta hannun mutane irin su likitar dabbobi Hiltrud Strasser ta Jamus da Jaime Jackson na Amurka. Yayin ya zo da kasuwar garin magungunan itatuwa da ake barbaɗawa a abincin doki. Fitattu a cikinsu su ne ƙaron Boswellia serrata na Indiya, wanda ɗan'uwan hano ne na jini, da gangamau ko kurkur, da ɓawon itacen wilo, da saiwar wani tsiro na hamadar Kalahari mai suna Harpagophytum. Masu dawaki sun rungume su ne domin gudun illar maganin fenilbutazon, wanda yawan shan sa ke jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda.

Akwai darasi a cikin yadda hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta sa sinadarin wannan saiwa ta Kalahari cikin jerin abubuwan da ba a yarda a same su a jinin doki ranar gasa ba. Dalilin shi ne maganin da ya ɓoye zafi yana ba da damar a hau dokin da ya kamata ya huta. Jiki magayi ne, ɗingishi kuma shi ne bakin da doki ke kai ƙara da shi. Wanda ya ba doki jiƙon hano da daddare domin ya samu yin sukuwa da safe ya toshe wannan baki, cutar kuwa tana nan.

6.0 Ƙalubalen Yau

Matsalar tsaro ta taɓa wannan ilimi kai tsaye. Sunan Jangebe ya zagaya duniya ne bayan sace ɗalibai mata na makarantar sakandaren gwamnati da ke garin a ranar 26 ga Fabrairu, 2021. A ƙarshen daminar wannan shekara gwamnatin jihar ta dakatar da kasuwannin mako-mako da safarar dabbobi na wani lokaci. Dajin da ake sasso hano da maɗaci ya zama wurin da mai magani ke tsoron shiga, sai ya koma ga busasshen sassaƙe ko gari na kasuwa, wanda tantance asalinsa ke da wuya. Babur kuma ya karɓe aikin sufuri daga doki, ta yadda dokin ya koma na hawan salla da biki. Dabbar da ke ɗaure a turke wata da watanni tana cin hatsi, sannan a fito da ita kan kwalta rana ɗaya, ita ce ta fi kusa da ciwon ƙafa.

7.0 Shawarwari

Na farko, a gane cuta kafin magani: a ɗaga ƙafa a share tafi, a taɓa bango a ji zafinsa, a duba ko ƙafa ɗaya ce ko biyu, a tambayi abin da doki ya ci. Na biyu, idan alamun laminaitis suka bayyana, a janye hatsi nan take, a bar shi da busasshiyar ciyawa, a tsayar da shi a kan rairayi mai laushi, a nemi likitan dabbobi. Na uku, duk hujin ƙaya ko ƙusa yana buƙatar allurar kariya daga tetanus, cutar sarƙewar haƙora, domin doki yana cikin dabbobin da ta fi saurin kamawa. Na huɗu, ya kyautu manazarta Hausa su haɗa hannu da Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Bakura da Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, domin tattara sunayen cututtukan doki daga bakin 'yan barga da zagage, a kuma gwada awon hano da bagaruwa a kan dawaki kansu.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Bahaushe ya tanadi itatuwa masu tasiri domin ciwon ƙafar doki, kuma ɗan'uwan ɗaya daga cikinsu yana cin kasuwa a Turai a yau. Bagaruwa ta dace da ruɓa, man kaɗanya da tsagewa, ɗumi da ƙurji, sanyi da janye hatsi kuma da kumburin cikin kofato. Jiƙon hano mai taimako ne, amfaninsa yana bayyana idan an haɗa shi da hutu da tsabtar barga da yanke kofato a kan kari. Taskace wannan ilimi a ƙasar Jangebe aiki ne na gaggawa, tun masu riƙe da shi suna raye kuma itatuwan suna tsaye.