Harshen Damo a Zancen Abincin Yara

A kasuwar Azare, hedikwatar masarautar Katagum, kana iya jin uwa ta ce, "Ɗana ba ya cin gyaɗa." Wannan jimla tana da harshen damo, wato tana ɗauke da ma'ana biyu.

Ma'ana ta farko ita ce yaron ba ya so. Wannan sabo ne, kuma talla tana da hannu a ciki. Indomie da Maggi sunayen kayan kamfani ne, amma tallan rediyo da talabijin ya taimaka har kowace taliyar leda ta zama "indomi", kowane dunƙulen miya ya zama "magi". Yaron da harshensa ya saba da su yakan juya wa abincin gida baya.

Ma'ana ta biyu ita ce jikinsa ba ya karɓa. A nan garkuwar jiki ce ke ɗaukar gyaɗa, ƙwai, madarar shanu ko kifi tamkar abokan gaba. Alamomin sun haɗa da borin jini, kumburin leɓe, amai, wani lokaci har da sarƙewar numfashi cikin 'yan mintoci. Gyaɗa kuwa tana ɓoye cikin yajin tsire da kilishi.

Maganin na farko lallashi, na biyu kuwa asibiti. Wanda ya rikita su zai iya tilasta wa yaro cin abin da zai cutar da shi.

Aiki: Sake rubuta jimlar uwar nan sau biyu, kowace da ma'ana ɗaya tak.