Darasi: Jiragen Dakon Dutse a Kogin Nilu

'Yan'uwa matasa, darasinmu na wannan fitowa zai duba tambaya guda: ta yaya Misirawan dā suka ɗauki dutsen da ya haura tan 300 daga Aswan zuwa Karnak, tafiyar kilomita sama da 200, alhali ba su da inji?

A Aswan, kudancin Masar, ake haƙo giranit, wani jan dutse mai tsananin tauri. Da shi aka gina ɗakin sarki a babbar dalar Giza, wadda ke nesa da Aswan da kilomita fiye da 800. Da shi kuma aka sassaƙa dogayen ginshiƙan nan masu tsini da Larabawa ke kira misalla.

Amsar tana cikin kogin Nilu. Ruwansa daga kudu yake gangarowa arewa, don haka jirgin da ya yi lodi a Aswan bin ruwa yake yi. In ya sauke kaya, iskar da ke busowa daga arewa ta taimaka masa komawa. Lokacin ambaliya ya fi dacewa da wannan aiki, domin ruwa kan yi zurfi, ya kuma matso kusa da mahaƙa. Madatsar Aswan da aka kammala a 1970 ta kawo ƙarshen wannan ambaliya.

Wani jami'i mai suna Ineni ya bar rubutu a kabarinsa cewa ya sa an ƙera wa Sarki Tutmos na Ɗaya jirgi mai tsawon kamu 120 da faɗin kamu 40, wato wajen mita 63 da mita 21. A bangon haikalin Sarauniya Hatshafsut da ke Dairul Bahari kuma akwai zanen wani jirgi ɗauke da misalla biyu. Ba ya tuƙa kansa. Ƙananan jirage masu matuƙa, a jeri uku, su ke jan sa da igiyoyi. An kuma ɗaure manyan igiyoyi daga goshinsa zuwa bayansa don kada nauyi ya karya shi.

Ɗaya daga misallolin wannan sarauniya, mai tsawon kusan mita 30, tana tsaye a Karnak yau shekara kusan 3,500. Wata kuwa, mai mita 42, ta tsage ana cikin sassaƙa ta, tana nan kwance a Aswan.

Tambayoyin bita: Me ya sa ake jiran ambaliya? Mene ne amfanin igiyoyin da ke kan jirgin? Ku tattauna da malamanku.