Masu Ƙirga Shekarun Kifi

'Yan uwa mazauna Dubai da kewayenta, darasinmu na wannan karo a kan teku ne, da mutanen da suka mayar da nazarinsa sana'arsu. Yawancinmu 'ya'yan tudu ne. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi, ruwan da ya sani bai wuce kogi da tafki da dam ba, ga shi yau yana zaune a birnin da kusan duk ruwan famfonsa daga teku ake tace shi a Jabal Ali, kifin miyarsa kuma daga kasuwar Deira yake fitowa. Ya kamata mu san halin da wannan maƙwabci namu yake ciki.

Tekun Fasha, wanda mutanen nan ke kira Khalijul Arabi, ba shi da zurfi. Matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 35 ba, kuma ƙofa ɗaya gare shi, wato mashigin Hormuz. Rana na ƙafar da ruwansa fiye da abin da sama da koguna ke zuba masa, shi ya sa gishirinsa ya ɗara na sauran tekuna. Da bazara zafin ruwan kan haura digiri 34, da hunturu ya sauko ƙasa da 20. Duk halittar da ke cikinsa tana rayuwa ne a bakin iyakar abin da jiki zai iya ɗauka, don haka ɓarna kaɗan a nan takan yi nisa.

Bari in fara da hamur, kifin da kowa ya sani a teburin Deira. Masu bincike na Hukumar Muhalli ta Abu Dabi, cikinsu har da Edwin Grandcourt, sun shafe shekaru suna bin kasuwanni da wuraren sauke kifi, suna auna tsawo da nauyi, suna buɗe kawunan kifaye. Abin da suke nema wani ɗan ƙashi ne a cikin kunnen kifi, fari kamar tsakuwa. Idan aka yanka shi siriri aka duba da madubin ƙara girma, za a ga zobba a jere irin na kututturen itace, kowane zobe shekara guda. Da wannan suka gane cewa hamur na iya haura shekara 20, kuma macen ba ta fara ƙwai sai ta kai wajen shekara 4. Akwai kuma abin da ya fi ba ni mamaki cikin hikimar halittarsa: da yawa daga cikin mazan hamur mata ne a farkon rayuwarsu, sai sun girma jikinsu ke juyawa. To, masunci manya yake so, domin su ne masu kuɗi. Idan ya kwashe manyan, maza ya kwashe. Idan ya koma kan ƙanana, ya kama waɗanda ba su taɓa yin ƙwai ba. Ta kowace fuska zuriyar ce ke yankewa, alhali kasuwa cike take, mai saye bai ga alamar komai ba.

Kayan kamun shi ne gargur, wani keji na waya mai siffar kifaffen kwando, ɗan uwan gurar masuntan Tafkin Chadi. Kifi na shiga ba ya fita. Illarsa mafi muni ita ce idan igiyarsa ta tsinke ya ɓace a ƙasan teku, ba ya daina aiki: wanda ya mutu a ciki ya zama abincin da zai jawo na gaba.

Hukumar Muhalli ta Abu Dabi da Ma'aikatar Sauyin Yanayi da Muhalli ta tarayya sun gudanar da babban bincike a ruwan ƙasar, kuma sakamakon da aka bayyana a 2019 ya nuna cewa manyan kifaye irin su hamur da sha'ari sun ragu da kusan kashi 85 cikin 100. Tun kafin nan an riga an hana kamawa da sayar da sha'ari da safi a watannin Maris da Afrilu, lokacin ƙwansu. Daga 1 ga Mayu 2019 kuma aka haramta gargur baki ɗaya a ruwan Abu Dabi. Hukumar ta ce ma'auninta na kamun kifi mai ɗorewa ya tashi daga kashi 8.9 a 2018 zuwa kashi 83.1 a 2023. Alƙaluman na hukumar da ta kafa dokar ne, kuma na ruwan Abu Dabi ne kaɗai, sai a karanta su da wannan a zuciya. Haka nan masuntan da aka raba da kejinsu sun ji a jikinsu, ba a kan takarda ba. Duk da haka ina ganin darasin a fili yake: maganin da masu digiri suka gano bayan sun ƙirga zobban kunnen dubban kifaye shi ne a bar ruwa ya huta.

Wannan magani kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. A Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake ga masunta sai ranar da aka buɗe shi don bikin su, kuma Sarkin Ruwa ne ke tsaron wannan doka. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. Shari'a ma ta san shi da sunan hima, wato keɓe wani yanki don maslahar jama'a, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Abin da masanin yau ya ƙara a kai shi ne lissafi: wane kifi, wane wata, wane tsawo.

Labarin murjani bai kai wannan daɗi ba. Murjani dabba ce ƙarama da ke gina gidan dutse, tana zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wani tsiro mai ƙwaya ɗaya da ke cikin jikinta yana ciyar da ita. Idan zafi ya yi yawa sai ta kore shi, ta yi fari fat, in abin ya daɗe ta mutu. Murjanin nan ya fi na ko'ina a duniya jure zafi, shi ya sa masana daga Jami'ar Southampton ta Ingila da ta New York reshen Abu Dabi suka duƙufa a kansa, har a 2015 suka bayyana wani sabon nau'in wannan tsiro mai jure zafi. Amma juriya na da iyaka. Bernhard Riegl ya rubuta yadda zafin 1996 da na 1998 suka hallaka murjani mai rassa a Jabal Ali. A 2017 iskar shamal da ke sanyaya ruwa ta yi rauni, sai John Burt da abokan aikinsa suka ƙirga asarar kusan kashi 73 cikin 100 na murjanin da suke bibiya a ruwan Abu Dabi. Ga kuma yashin da aka zuba don gina tsibiran dabino, wanda ya binne wani ɓangare na abin da zafi ya rage.

A ƙarshen 2023, lokacin taron COP28, Dubai ta ƙaddamar da shirin Dubai Reef na nutsar da tubalan kankare 20,000 don su zama mafakar kifi. Shiri ne mai kyau, sai dai kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Burt ya taɓa nazarin duwatsun kare igiyar ruwa na gaɓar Dubai, ya tarar murjani da kifi sun kama su sosai, amma nau'o'in da ke wurin sun bambanta da na asalin gidan murjani. Gini na tara kifi, bai zama lallai ya dawo da abin da aka binne ba.

Aikin da ya fi kusa da mu shi ne na jinyar kififiyar teku, wanda kamfanin Jumeirah ya fara a 2004, kuma ya riga ya mayar da fiye da 2,000 cikin ruwa. Da hunturu sanyi kan kashe wa ƙananansu jiki, wasu halittu masu ɓawo su manne musu har su kasa iyo, igiyar ruwa ta watso su gaɓa. Ana fara kula da su a ɗakunan kifi na Burj Al Arab, sannan a kai su wani tafki a Jumeirah Al Naseem su ƙarasa murmurewa, wasu a liƙa musu na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya kafin a sake su. Duk wanda ya fita da iyali Mamzar ko Jumeirah a watannin sanyi ya tsinci irin wannan kififiya, kada ya mayar da ita ruwa, kada kuma ya kankare mata ɓawon da ya manne, domin yakan taho da fata ya bar rauni. Ya kira layin 800TURTLE, ma'aikatan za su faɗa masa yadda zai ajiye ta kafin su iso.