Gyaran Rakoda da Tsohon Kaset

A gidaje da yawa na ƙasar Kazaure, har Roni da Gwiwa, da can Babura kusa da iyakar Nijar, akwai tsohuwar rakoda da aka jefa ƙarƙashin gado tun da waya ta shigo hannun jama'a, alhali kuwa a cikin kaset-kaset ɗinta akwai tafsirin malamai, da karatun alarammomi, da waƙoƙin Mamman Shata wanda ya rasu a 1999, da muryoyin dangi na ranar biki waɗanda ba a kwafe su ko'ina ba. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, Sony kuma ya ƙera ƙaramar nan ta aljihu mai suna Walkman a 1979, kuma galibin illolin da ke kwantar da rakoda ba su fi ƙarfin mai haƙuri ba.

Farkon abin dubawa shi ne gidan batir, domin batirin da aka manta a ciki yakan yi ruwa ya cinye ƙarfen da yake taɓawa, har wuta ta kasa wucewa. A kankare tsatsar da bakin wuƙa, a goge, sannan a wanke hannu, gama ruwan yana da dafi. In kuwa rakodar mai jona wa lantarki ce, wajibi ne a zare wayar kafin a kwance ko da noti ɗaya.

Idan an danna ta aka ji injin yana ƙugi amma kaset bai juya ba, to, galibi bel ne sababi, wato siririyar robar da ke ɗaukar juyin injin ta kai wa tayoyi. Zafin bazara irin namu yakan sa ta saki, wani lokaci ma ta narke ta koma kamar kwalta. A cire ta, a share ragowarta da auduga da sifirit, a auna hanyarta da zare, a kai wa mai gyaran rediyo ya nemo daidai ita, ko a ba mai zuwa kasuwar Sabon Gari ta Kano sautu. Wasu kan sa robar ɗaure kuɗi a madadinta, amma wannan dabara ce ta kwana biyu, don zaren kaset yana tafiya ne a kan ƙa'ida, santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma da zarar tafiyar ta yi tangarɗa sai muryar mai karatu ta riƙa rawa.

Dushewar murya kuwa aikin ƙurar hunturu ne da dattin zare da ke taruwa a kan ɗan ƙarfen nan mai sheƙi wanda zaren ke gogawa. A shafe shi da auduga mai ɗan sifirit, haka ma tayar robar da ke gefensa, domin ita ce in ta yi datti take sa rakoda ta tauna kaset. Kada a kusanci ɗan ƙarfen mai sheƙi da wani ƙarfe, kada kuma mai ya taɓa roba faufau.

Zaren da ya warware a mayar da shi da biro sannu a hankali. Wanda ya tsinke a daidaita bakunansa biyu, a liƙe ta baya da ɗan siririn salatif. A ajiye kaset a inuwa, nesa da lasifika, saboda maganaɗisun da ke cikinta yana iya shafe abin da aka ɗauka, a kuma cire batir duk lokacin da za a daɗe ba a kunna rakodar ba.