SAUYA AIKI: DARASI DAGA WALIYYI IGNATIUS NA LOYOLA

Da yawa a cikinmu sun taɓa tsayawa a mararraba game da aiki. Wani an sallame shi, wani ya gaji, wani kuma albashi mai tsoka ne yake kiransa. Ta ƙaƙa za mu san ko sabuwar hanyar za ta kawo mana kwanciyar rai?

Bari mu dubi Ignatius, sojan ƙasar Sifaniya. A shekara ta 1521, a yaƙin Pamplona, harsashin igwar Faransawa ya ragargaza masa ƙafa, aikin soja ya ƙare ke nan. Yana jinya a gidansu a Loyola, sai ya lura da wani abu. In ya yi tunanin suna da ɗaukaka yakan ji daɗi, amma da tunanin ya wuce sai ransa ya bushe. In kuwa ya yi tunanin bin sawun tsarkaka, murnar takan daɗe tare da shi. Ga darasi na fari: mu auna sabon aiki da abin da yake bari a zuciyarmu bayan ɗoki ya kwanta.

Na biyu, Ignatius ya koyar cewa kada mutum ya sake shawararsa a lokacin da ransa yake cikin duhu. Wanda ya ajiye aiki a ranar da aka ci masa mutunci, fushi ne ya yi masa zaɓi. Mu jira hankali ya komo, mu yi addu'a, mu shawarci iyalinmu, gama abincinsu da kuɗin makarantar yara suna cikin maganar.

Na uku, sabon aiki yana bukatar tawali'u. A shekara ta 1524, yana da shekara 33, tsohon sojan nan ya zauna tare da yara a Barsalona yana koyon Latin. Sai a 1540 Paparoma Bulus na Uku ya amince da Ƙungiyar Yesu, wadda ya kafa da abokansa. Shekara 16 ke nan na haƙuri.

Saboda haka kowa ya tambayi kansa: gudun wahala nake yi, ko kuwa na ga inda baiwata za ta amfani mutane? In na tsufa, wanne zan so a ce na zaɓa? Ubangiji ya ba mu hikima, amin.